Jami'ar Houston: Ga Taurari, Babu Kofi

A Amurka, ƙwallon kwando na jami'o'i ba wasan yara ba ne, domin daga nan manyan ƙungiyoyi suke ɗibar 'yan wasa. Jami'ar Houston da ke jihar Texas tana cikin waɗanda suka yi fice, duk da cewa ƙungiyarta ta maza ba ta taɓa ɗaukar kofin ƙasa ba.

Sunanta ya fita sosai ne a daren 20 ga Janairu, 1968, lokacin da ta karɓi baƙuncin jami'ar UCLA a filin Astrodome, gaban 'yan kallo fiye da 52,000. UCLA ta zo da tarihin cin wasa 47 a jere, ga kuma dogon ɗan wasanta Lew Alcindor, wanda daga baya ya musulunta ya koma Kareem Abdul-Jabbar. Elvin Hayes na Houston shi kaɗai ya ci maki 39, aka tashi 71 da 69, Houston ta yi nasara. Sai dai a faɗi gaskiya, Alcindor ya buga wasan da ciwon ido, kuma da suka sake haɗuwa bayan wata biyu, UCLA ta yi musu dukan kawo wuƙa, 101 da 69.

A 1980 wani matashi ya sauka a Houston daga Legas, sunansa Hakeem Olajuwon. A gida golan ƙwallon ƙafa ne, yana kuma buga ƙwallon hannu. Sai da ya tasa sosai sannan ya fara taɓa ƙwallon kwando. Da farko koci Guy Lewis bai cika saka shi ba, amma a lokacin hutu ya riƙa gwabzawa da Moses Malone, ƙwararren ɗan wasan Houston Rockets, har ya goge. Saurin ƙafar da ya koya a tsaron raga shi ya riƙa ruɗa masu tsaronsa. Shi da Clyde Drexler suka zama ginshiƙan ƙungiyar da 'yan jarida suka laƙaba wa Phi Slama Jama, saboda yadda suke daka tsalle su dankara ƙwallo cikin kwando.

Wasan ƙarshe na 1983 ne ya fi ci wa magoya bayansu tuwo a ƙwarya. Houston ta ci wasa 26 a jere, kowa ya sakankance za ta murƙushe North Carolina State. Ana 52 da 52, saura 'yan daƙiƙoƙi, Dereck Whittenburg na North Carolina State ya cilla ƙwallo daga nesa, ba ta ma kai kwando ba. Abokin wasansa Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya zura, lokaci ya cika. Da yawa sun ɗora laifin a kan koci Lewis, wanda ya sa yaransa rage gudu alhali gudun ne ƙarfinsu, kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka Olajuwon aka zaɓa gwarzon gasar.

A 1984 suka sake zuwa wasan ƙarshe, Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. A shekarar ce Rockets ta ɗauki Olajuwon na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa, Michael Jordan ya zo na uku. Olajuwon ya rama a 1994, ya doke Ewing ya ɗauki kofin NBA.

Ita kuwa jami'ar, ta koma wasan ƙarshe a 2025, Florida ta cinye ta 65 da 63.