Lafiyar zuciya tun daga lakkwal take farawa

Ƴan uwa manoman ƙasar Dogarawa, maza da mata, kun san injin ban ruwa. Shi ke tura ruwa cikin fangalin albasa. Haka zuciya take tura jini ko'ina cikin jiki, dare da rana. Amma in inji ya lalace, ana sayen wani a kasuwar Ƙonni. Zuciya kuwa ba a sayen ta.

Wasu suna zaton ciwon zuciya na tsofaffi ne. Ba haka ba ne. Sau da yawa tun ƙuruciya yake somawa. Shi ya sa lakkwal take da babban aiki, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ciwon maƙogwaro

Wannan shi ne abin da aka fi renawa. Akwai wata ƙwayar cuta mai kama maƙogwaron yara, musamman ƴan shekara 5 zuwa 15. Yaro ya yi zazzaɓi, ya kasa haɗiye abinci. In ba a yi magani ba, bayan sati 2 ko 3 gaɓoɓinsa suna iya kumbura. Daga nan cutar takan ɓata ƙofofin zuciya. Bayan shekaru sai a ga saurayi yana haki, ƙafafunsa sun kumbura, ya kasa noma. Yarinya kuwa, in ta girma ta ɗauki ciki, ranta yana cikin haɗari.

Malamin lakkwal yakan riga kowa ganin yaron da ba shi da lafiya cikin aji. In ya aiko muku, kada ku yi sanyin jiki. Yanke belu wurin wanzami ba ya kashe wannan ƙwayar cuta. Ku kai yaro likita mafi kusa, ko asibitin Galmi, mai aiki tun 1950. Maganin shi ne penisilin: allura ɗaya, ko ƙwayoyi na kwana 10. A shanye su duka, ko da yaro ya ji sauƙi.

Gishiri

Yawan gishiri yana kawo hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya. Na yaro bai kai haka ba. Dunƙulen magi ma cike yake da gishiri. A lakkwal mai dafa ma yara abinci, da kuma gida, a rage su. Albasa da tafarnuwa suna gyara miya. Inda lakkwal take da garka, yara su shuka zogala da tumatir, su ci.

Motsa jiki da taba

Yaro yana bukatar motsa jiki na minti 60 kowace rana. Lokacin ƙwallo da langa ba ɓata lokaci ba ne. A bar ƴan mata ma su yi gudu da tsalle.

Samari kuma su kiyayi sigari a fada, don tana toshe hanyoyin jini. Tun 2006 dokar Nijar ta hana sayar ma yara taba. Uba, kada ka aiki ɗanka sayen ta.

Malam yana koyarwa cikin aji, amma tukunya a gida take. Ranar taron kwamitin lakkwal, ku je, ku tada maganar nan. Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinsa.