Itatuwan Dajin Birnin Gwari a Ma'aunin Maganaɗisu

Masassaƙa da maƙeran ƙasar Birnin Gwari ba sa yi wa itatuwan dajinsu kuɗin goro. A yankin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, kowace bishiya da aikinta. Kirya ita ce ta turmi da taɓarya da gawayin ƙira, maɗaci da kawo na katako ne, rimi kuwa duk girmansa laushi gare shi. Gizago ya daɗe da sanar da masassaƙi wannan bambanci. Dalilinsa kuwa yana can cikin ƙirar itacen, inda ido ba ya kaiwa.

Itace dai haɗuwa ce ta abin da masana ke kira polima, watau sinadarin da ƙwayoyinsa suka jeru kamar 'ya'yan carbi, ɗaruruwa ko dubbai a zare guda. Kusan rabin busasshen itace salulos ne, wanda shi ne kuma jikin auduga. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu liginin ne, wanda ke riƙe zarurrukan kamar yadda ƙasa ke riƙe ciyawa a tubali. Matsalar mai bincike ita ce itace ba ya narkewa a ruwa, in kuwa aka tilasta shi da magunguna masu ƙarfi, to, jeren da ake son gani ya riga ya wargaje. Tilas ke nan a duba shi a sandare.

A 1946 Felix Bloch da Edward Purcell, kowannensu da ƙungiyarsa a Amurka, suka bayyana cewa cibiyar wasu ƙwayoyin zarra, in an sa su cikin maganaɗisu mai ƙarfi aka aika musu da igiyar rediyo, sukan amsa. Sunan da ya fi dacewa da wannan a Hausa shi ne amsa-kuwwar maganaɗisu, domin kowace ƙwaya muryarta ta dogara ne ga maƙwabtan da ke kewaye da ita. Hikimar nan ce ke cikin na'urar MRI ta asibiti. Sai dai a sandararren abu muryoyin sukan cakuɗe kamar hayaniyar kasuwa. A 1958 Raymond Andrew a Birtaniya ya nuna maganin abin: a zuba samfurin a ɗan ƙaramin bututu, a karkata shi digiri 54.7 daga tsayuwar maganaɗisun, a juya shi kamar mazari, sau dubbai a daƙiƙa guda. Sai hayaniyar ta lafa. A 1976 Jacob Schaefer da Edward Stejskal suka gwama wannan da wata dabara ta ƙarfafa muryar kabon-13, wanda bai wuce kashi 1.1 cikin 100 na kabon ba, suka gwada a kan polima.

Sakamakon yakan fito a matsayin layi mai tudu da kwari, kuma kowane tudu da gurbinsa a ma'auni. A salulos, tudun da ke wajen lamba 89 na zaren da ya jeru tsaf ne, na wajen 84 kuwa na wanda bai jeru sosai ba. Gwama girmansu yakan nuna yawan tsararren zare a itacen. Liginin yakan bayyana a 56, da kuma tsakanin 110 da 160. Da wannan hanya ce Rajai Atalla da David VanderHart suka gano a 1984 cewa salulos na halitta iri biyu ne a gauraye, abin da ya ɓuya ga magabatansu.

Gawayi ma ba ya ɓoye sirrinsa. Yayin da itace ke ƙonewa a rufe, tuddan salulos sukan baje, wani faffaɗa ya taso kusa da 130, alamar kabon ya ƙulla zobba. Maƙeri da ke ƙin gawayin da bai nuna ba, wannan canji yake aunawa da ido da kunne.

Rashin tsaron da ya addabi yankin tun shekarun 2010 ya sa shiga Kamuku ya yi wuya, sara domin gawayi kuwa yana cin kirya, bishiyar da ba ta saurin girma. Abin da na'urar ke bukata daga kowace bishiya bai kai cikin ƙaramin cokali na garin itace ba.