Saƙon Wayarin Babur: Wanda Ya Ce Ka Cire Fis Bai So Ka da Alheri Ba

Sau uku saƙon nan ya shigo mini waya cikin mako guda. Na farko daga zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu, na biyu daga na tsofaffin ɗaliban makarantarmu, na uku kuma ɗan yayata ne ya turo da kansa. Murya ce ta wajen minti huɗu. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, balle inda garejinsa yake, sai cewa ya yi ya shekara ashirin yana wayarin, kuma yau zai tona asirin da masu gyara ke ɓoye wa mutane don su ci gaba da cin kuɗinsu.

Ɗan yayar tawa babur ya saya na hannu, ya kwance shi a tsakar gida, ya sake masa fenti da kujera, ya ɗaura shuɗayen fitilu a ƙarƙashin tanki, da hon ɗin mota guda biyu, da sifika, da wurin cajin waya. Wayarin ya rage masa, kuma ya ƙudurta da hannunsa zai yi. Ya ce, "Kawu, don Allah saurari wannan, gaskiya ne?" Na saurara har sau biyu. Akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce ta sa ƙaryar da ke ciki ta sami shiga.

Wasu maganganun ba su cancanci dogon bayani ba. Maganaɗisun da mai muryar ya ce a ɗaura a tiyon mai don rage shan fetur ba ya rage ko ɗigo. CDI ɗin da ake kira na tsere ba zai linka ƙarfin injin ba, domin aikinsa kawai ya saki tartsatsi a kan lokaci, kuma injin 100cc yana nan a 100cc ɗinsa. Wayar gida mai sili ɗaya da ya yaba wa kauri, jijjigar babur karya ta take yi a cikin robarta, shi ya sa ake amfani da mai silla da yawa. Ban ga laifin wanda ya gaskata zancen maganaɗisu ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, mai babur lissafin kowace lita yake yi, duk wanda ya zo masa da zancen sauƙi kuwa dole ya tsaya ya ji.

Mai muryar ya yi gaskiya da ya ce kwan LED ya fi tsohon kwai mai zare ƙarancin cin wuta. Ya yi gaskiya kuma da ya ce kafin ka taɓa kowace waya ka fara kwance kan batir mai alamar ragi, shi ne kuma na ƙarshen ɗaurawa. Dalili shi ne wannan kan a haɗe yake da ƙarfen jikin babur, muddin yana ɗaure, sifanar da ta taɓa ɗaya kan ta kuma gogi ƙarfe sai tartsatsi. Ɓoyayyen makunni don ɓarayi ma dabara ce mai kyau, ko da yake ba ya hana a tura babur a tafi da shi.

Zancen cewa babur ba ya buƙatar batir ya danganta da irin baburin. Akwai waɗanda CDI ɗinsu daga kwayil ɗin cikin inji yake shan wuta kai tsaye, waɗannan da kik kawai suna tashi. Akwai kuma waɗanda CDI ɗinsu sai da wutar batir. Ko a na farkon, batir ne ke shanye hawa da saukar wutar caji, idan babu shi sai ka ga sigina ta rikice, ƙwayayen fitila suna yawan ƙonewa.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne maganarsa kan fis. Cewa ya yi fis dabarar kamfani ce kawai, yana rage ƙarfin wuta, yana yawan ƙonewa don a riƙa saye. Wai a cire shi a haɗe wayoyin biyu, ko a naɗe shi da takardar kwalin sigari mai ƙyalli, ko a cusa guntun jan ƙarfe a gurbinsa, an huta. A nan babu wani ya danganta. Ƙarya ce, kuma irin wadda take ƙona dukiya.

Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka auna shi da gangan ya zama shi ne mafi rauni a duk hanyar wuta. A ƙananan baburan da muke hawa, na amfiya 10 ko 15 aka fi sakawa, a jikin jar wayar da ta fito daga batir. Kwan babbar fitila mai wat 35 kusan amfiya 3 yake ja a wutar bolt 12, saboda haka a aikin yau da kullum wutar da ke ratsa fis ba ta kai ta dame shi ba, shi ma ba ya tauye ta yadda za ka gani a hasken fitila. Ranar aikinsa ita ce ranar da robar wata waya ta goge, jan ƙarfen ciki ya taɓa jikin babur. A lokacin babu kwan fitila ko hon a tsakani da zai taƙaita wutar, batir zai juye abin da ke cikinsa gaba ɗaya, kuma ɗan batirin da kake rainawa yana iya tura linkin abin da wayar ta saba ɗauka sau goma ko fiye. Zafin da waya ke yi ba daidai da wutar yake ƙaruwa ba: in wuta ta linka sau biyu, zafi sau huɗu, in ta linka sau goma, zafi sau ɗari. Da fis a wurin, kafin ƙiftawar ido ya narke, hanya ta yanke. In babu shi, wayar ce za ta ɗauki zafin tun daga batir har inda ta goge. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1085, robar da ta rufe shi kuwa da an ɗan haura digiri 100 ta fara saki. Ke nan tun kafin wayar ta tsinke, roba ta zube, wayoyin da ke ɗaure tare sun manne da juna.

Yanzu ka ɗaga kujerar baburinka ka bi damin wayoyin da ido. Ƙarƙashin tanki suka bi, kusa da tiyon mai, sama da kafireta wadda ba ta rasa danshin fetur. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kashe makulli ba ya maganin wannan. Wayar da ta taso daga batir zuwa makulli da wuta a cikinta dare da rana. Mu kuwa a ina muke kwana da babur? A zaure, ko a soro, wani ma cikin ɗaki saboda ɓarayi, kusa da katifa da jarkar mai. Na taɓa ganin irin wannan a layinmu. Mai baburin ya shigo da shi bayan isha'i, ya karya kan ya kulle, wayar da ta daɗe tana gogar wuyan babur ta ƙarasa hujewa. Ƙaurin roba ne ya tashi matarsa. Allah ya taƙaita, maƙwabta suka kashe da yashi, amma da safe da muka duba, wayarin ya zama dunƙulen baƙar roba guda, kujera ta cinye, gefen tanki ya yi baƙi ƙirin. A gurbin fis ga guntun waya nan a murɗe, ko gezau bai yi ba. Garin neman gira ya kusa rasa ido.

Na san abin da ke kai mutum ga haka. Fis ya ƙone maka sau uku a sati, kana tsakar hanya da dare, ga saƙo yana ce maka laifin fis ne. Wani lokacin ma da ɗan ƙamshin gaskiya, domin gidan fis na gilashi yakan yi tsatsa ko ya saki, ya riƙa zafi har fis ya lalace ba tare da waya ta goge ba. Maganin wannan sabon gidan fis ne. Amma fis ɗin da ke ƙonewa da ka saka shi, labari yake ba ka, wanda ya cire shi kuwa ya bar jaki yana dukan taiki. Saka wanda ya fi girma ma ɗan'uwan cirewa ne, tunda wayar aka auna aka zaɓa mata fis. Masu ƙafa biyu na roba launinsu ke faɗin girmansu: ja 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Na 30 a kan siririyar wayar babur kusan da shi da babu duk ɗaya.

Mai muryar ya ƙara da cewa baƙar waya a kowane babur ita ce ta jikin ƙarfe. A Yamaha haka ne. A Honda kuwa koriya ce ta jiki, baƙar ita ke ɗauke da wuta da zarar an murɗa makulli, kuma baburan China da yawa tsarin Honda suka bi. A Suzuki baƙa mai farin layi ce. Yaron da ya bi maganarsa ya ɗaure baƙar waya a jikin ƙarfe, in da fis, fis kaɗai zai yi asara. Amma ai mutumin ya riga ya sa shi ya cire. Wannan sakaci ne ya fi ba ni haushi, shi da masu tura saƙon gaba ba su taɓa riƙe filaya ba.

Ranar Asabar na je wajen ɗan yayata da mita da kwan sigina guda. Na tarar ya riga ya haɗa wayarin, kuma nasa fis ɗin ma yana ƙonewa. Muka jona kwan a gurbin fis, muka kashe komai, muka murɗa makulli, sai ya kama tar, alamar wuta na zurarewa jikin ƙarfe. Na ce ya riƙa motsa damin wayoyin a hankali daga baya zuwa gaba. Da ya zo wuya ya karya kan hagu, hasken ya dushe. A nan wayar fitilun adonsa ta shiga tsakanin ƙarfe biyu, ta huje kamar ɓera ya ci. Muka yanke wurin, muka yi mata dalma, muka rufe, muka canza mata hanya.

Hon ɗinsa kuma, irin na mota guda biyu na iya jan amfiya 8 ko fiye, ga sauran kaya a kan fis na 10. Muka ja musu waya tasu daga batir, da nasu fis ɗin dab da kan batir, da rile, maɓallin hannu ya zama umarni kawai yake bayarwa. Muka auna batir a kashe ya ba da 12.6, da aka tayar aka ɗan ja totur ya hau 14, caji lafiya lau.

Ya ce, "Kawu, to in ya ƙone mini a hanya fa?" Na miƙa masa jajayen fis guda uku da na tsaya na saya a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya naɗe su da salatef ya manna a ƙarƙashin kujera.