Jirgi Maras Matuƙi: Abin da Idanunsa ke Gani da Wanda ba su Gani

Ƙaramin jirgin nan maras matuƙi, mai farfela huɗu da kyamara rataye a gabansa, ya zama abin da ido ya saba gani a wuraren bukukuwa da hawan Salla a ƙasar Kano. Masu sana'ar ɗaukar hoto kan tara kuɗi mai yawa kafin su mallake shi, kuma sau da yawa abin da ke kwantar musu da hankali shi ne maganar da akan faɗa a bakin kanti cewa jirgin yana da idanu, ba ya karo da komai. Maganar tana da tushe. A watan Maris na 2016 kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ya fitar da samfurin Phantom 4, wanda aka sanya wa ƙananan kyamarori biyu a goshi domin ya hangi cikas ya tsaya da kansa. Daga wannan lokaci aka yi ta ƙara wa jiragen idanu, har ya kai ga a 2023 ƙaramin samfurin Mini 4 Pro, wanda nauyinsa bai kai giram 250 ba, yana duba kowace fuska. Amma duk da haka jiragen ba su daina faɗuwa ba, kuma littattafan da ake haɗowa da su a kwali sun lissafa wurare da dama da idanun ba su da amfani. Dalilan wannan gazawa suna cikin darussan kimiyyar lissafi da ta haske waɗanda ɗaliban sakandare suka riga suka sani.

Yadda jirgin ke auna nisa

Mai karatu ya miƙa hannunsa, ya ɗaga babban yatsa, ya rufe idon dama ya duba da na hagu, sa'an nan ya sauya. Zai ga kamar yatsan ya yi tsalle daga wani wuri zuwa wani. In ya matso da yatsan kusa da hanci, tsallen zai ƙaru. In kuwa ya gwada da bishiyar da ke can nesa, ba zai ga ta motsa ba. Tazarar da ke tsakanin idanun mutum, kimanin santimita 6 da rabi, ita ke jawo wannan bambanci, kuma da shi ƙwaƙwalwa ke gane abin da ke kusa da wanda ke nesa. Haka jirgin ke yi. Kyamarori biyun suna ɗaukar hoto a lokaci guda, na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke cikinsa ta nemi wani ɗigo a hoton hagu, ta nemo takwaransa a hoton dama, ta auna yadda suka goce wa juna, daga nan ta fitar da nisa.

Abu biyu ke fitowa daga wannan bayani. Na farko, gwargwadon nisan abu, gwargwadon ƙanƙantar gocewar, kuma kuskuren awon yana ƙaruwa da sauri: in nisa ya ninka biyu, kuskure kan ninka huɗu. Shi ya sa aka ƙayyade ganin Phantom 4 daga santimita 70 zuwa mita 15. Na biyu, wajibi ne abin da ake kallo ya kasance yana da zane ko alamar da za a kama. Farar katangar da aka shafe sumul, ko gilashin taga, ko sararin sama, ba su ba na'urar wani ɗigo da za ta bambanta da ɗan'uwansa. Tana iya kallon katanga ta ɗauka fili ne.

Akwai kuma na'urorin da ke duban ƙasa. Tsofaffin samfura suna aika sauti mai kaifin da kunnen mutum ba ya ji, su jira amsa-kuwwa, irin dabarar jemage da Donald Griffin na Amurka ya bayyana a shekarun 1940. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, saboda haka jirgin da ke mita 3 daga ƙasa yakan ji amsarsa cikin abin da bai kai kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa ba. Sai dai doguwar ciyawa da shuka mai duhu suna shanye sautin. Sababbin samfura sun fi amfani da wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infirared, shi kuma hasken rana mai ƙarfi yana danne shi, baƙin abu yana shanye shi.

In an kai shi Kafin Dafga

A ɗauka mai hoto ya tafi da jirginsa Kafin Dafga, a ƙasar Ƙaraye, domin ɗaukar taron biki ko hoton gonaki. Abin da zai fara cin karo da shi itatuwa ne, domin gonakin yammacin Kano har zuwa Rogo cike suke da kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo. Bishiya mai ganye ba ta da wuyar gani ga jirgin. Matsalar tana ga busasshen reshe. Kuka takan kaɗe ganyenta da rani, ta bar ƙananan rassa siri-siri a sama. Gawo kuwa, kamar yadda kowane manomi ya sani, ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, ya tsaya da ƙaya tsirara. Ke nan babu wani lokaci a shekara da mai jirgi zai ce ya huta da wannan haɗari.

Wayar lantarki ta fi reshe sharri, kuma lissafi kaɗan zai nuna dalili. A ɗauka kyamarar hangen cikas tana da ɗigo 640 a faɗinta, tana kuma duban kusurwa mai digiri 60. Kowane ɗigo zai ɗauki kimanin kashi 9 cikin 100 na digiri ɗaya. Waya mai kaurin santimita 1 da ke nisan mita 10 ba ta cika ko kashi 6 cikin 100 na digiri ba, watau ba ta kai girman ɗigo guda ba. Launinta zai narke cikin launin abin da ke bayanta. Bugu da ƙari, kyamarorin biyu a jere suke, hagu da dama, wayar ma a kwance take daga hagu zuwa dama. Kowane sashe nata ya yi kama da na kusa da shi, don haka ko na'urar ta hange ta, ba ta da hanyar sanin wane sashe a hoton hagu ne ya yi daidai da wane a hoton dama. Abin mamaki, jemagen da aka kwaikwaya yana iya kauce wa wayoyi sirara ƙwarai a cikin duhu, kamar yadda gwaje-gwajen Griffin suka nuna.

Sa'an nan ga ruwa. Madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, tsayinta mita 42 ne, tsawon bangonta ya kusa kilomita 8, kuma babu mai riƙe da jirgin hoto da zai ga wannan shimfiɗar ruwa bai yi sha'awar ɗaukarta ba. A nan ne idanun ƙasa suka fi ruɗewa. Ruwan da ya kwanta madubi ne. Kyamara tana ganin hoton gajimare a cikinsa, ta ɗauka ƙasa tana can nesa. In kuma iska ta kaɗa shi, zanen da kyamara ta kama yana tafiya, jirgin ya ɗauka shi ne ke gocewa, sai ya bi igiyar ruwan da nufin gyara tsayuwarsa. Jirgin da ke tafe mita 1 ko 2 a saman ruwa yana iya sulalewa ƙasa a hankali ba tare da ya yi wata ƙarar gargaɗi ba.

Haske ma yana da nasa sharaɗi. Yawancin littattafan jiragen sun ce idanun na buƙatar haske fiye da laks 15, laks kuwa shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu. Rana tsaka tana ba da dubun-dubatar laks, farin wata ba ya kai laks 1. A ƙasar Hausa, saboda kusancinta da tsakiyar duniya, duhu yakan rufa cikin minti ashirin da 'yan kai bayan faɗuwar rana. Jirgin da ya tashi yana gani gab da magariba yana iya dawowa makaho, alhali mai shi yana kallon hoto tar a allon wayarsa, domin babbar kyamarar ɗaukar hoto ta fi ƙananan ƙarfi nesa ba kusa ba. Fuskantar rana kai-tsaye da hantsi ko da la'asar sakaliya yakan kashe wa kyamarorin ido, wani lokaci jirgin ya ci birki a fili babu komai a gabansa. Hazon hunturu kuwa yana dushe zanen abubuwa, ƙurarsa tana kwanciya a kan gilashin idanun. A 2024 an fitar da samfurin Air 3S mai na'urar lida, wadda ke auna nisa da hasken leza ko da dare, amma gaba kaɗai take duba.

Gudu da birki

Ko da jirgin ya ga cikas, sai ya sami filin tsayawa. Ba shi da taya da zai damƙi ƙasa. Abin da yake yi shi ne ya karkata baya, iskar farfela ta tare shi. Ɗaliban da suka karanta dokokin motsi sun san cewa tazarar tsayawa tana bin ninkin gudu a kan kansa. A ɗauka jirgin yana iya rage mita 5 a daƙiƙa daga gudunsa cikin kowace daƙiƙa. In yana gudun mita 5 a daƙiƙa, zai tsaya cikin mita 2 da rabi. In gudun ya kai 10, sai mita 10. In ya kai 15, yana buƙatar mita 22 da rabi, alhali ganinsa bai wuce mita 15 ba. Ba a ma sa lokacin da na'urar ke ɗauka tana lissafi ba, balle iskar da ke tura shi ta baya. Wannan ne ya sa a yawancin samfura, da zarar an juya maɓalli zuwa tsarin gudu, sai hangen cikas ya mutu ɗungurungum. Phantom 4 yana kai mita 20 a daƙiƙa a wannan tsari, watau kilomita 72 a awa, kuma yana yin haka ne ido rufe.

Ya kamata kuma mai saye ya ƙirga idanun jirginsa. Mini 2 na 2020, wanda araharsa ta sa ya yaɗu, ƙasa kaɗai yake dubawa. Mini 3 Pro na 2022 yana ganin gaba da baya da ƙasa, ba ya ganin gefe. Ga shi kuwa hoton da masu biki suka fi so, wanda jirgi ke kewaya ango ko mahayin doki, tafiyar gefe ce zalla. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin takaici a nan shi ne da yawa ba su san rariya suka saya ba. Abu mai motsi da sauri, kamar shirwa da kan kawo wa jiragen farmaki, shi ma ya fi ƙarfin lissafin na'urar.

Saura batun komawa gida. In sadarwa ta yanke ko batir ya yi ƙasa, jirgin yakan hau zuwa wani tsayi da mai shi ya ƙayyade, ya miƙe zuwa inda ya tashi da taimakon tauraron ɗan'adam. Tauraron yana gaya masa inda yake, ba ya gaya masa abin da ke kan hanya. Tsayin ma daga wurin tashi ake ƙirga shi, ta hanyar auna nauyin iska, saboda haka tudu ko doguwar hasumiyar sadarwa da ke tsakani na iya zarce shi. In hakan ta faru bayan magariba, babu abin da zai tare shi. Jirgin da nauyinsa ya haura kilo 1, kamar Phantom 4, in ya faɗo daga mita 30 a tsakiyar taro, yana iya yi wa mutum mummunan rauni, ban da yankan farfela. Tun watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta sanar cewa ba a tayar da jirgi maras matuƙi a sararin samaniyar ƙasar sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro.

Malaman kimiyya da ke son nuna wa ɗalibai wannan darasi ba su buƙatar jirgi. A ɗaura farin zare a kwance a gaban farar katanga, a sa ɗalibi ya tsaya nisan taku goma ya ƙiyasta tazarar da ke tsakanin zaren da katangar. Sa'an nan a ɗaura zaren a tsaye, a maimaita, a rubuta amsoshin ajin duka a allo a gwama su.