Me ya sa teburin farkon kaka ke ruɗin magoya bayan Katsina United?

A majalisun Ƙofar 'Yandaka, da Katsina United ta ci wasa biyu sai a fara zancen kofi. To, da sauran rina a kaba. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar Firimiyar Najeriya, kowacce da wasa 38, huɗun ƙarshe kuma su gangara ƙaramar gasa, kamar yadda ya faru da Katsina United a 2022 kafin ta dawo a 2023.

Inda teburin ke yaudara shi ne batun gida da waje. A wannan gasa cin wasan gida kusan al'ada ne, saboda haka maki uku a filin Muhammadu Dikko ba ya auna ƙarfi sosai. Masu lura sun fi duba canjaras ɗin da aka ƙwato a Aba ko Fatakwal, bayan 'yan wasa sun sha doguwar tafiyar mota.