Kafin ka sake sayen batir, a binciki wayarin motar

Masu tsofaffin motoci, musamman Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, suna da wata ɗabi'a mai cin kuɗi. Mota ta kwana lafiya, da safe a murɗa makulli ta yi ƙyas ta yi shiru, sai a kira yaran layi su tura. Kwana biyu a haka, mai mota ya ce batir ne, ya nufi Panteka ko Ƙofar Ruwa ya sayo sabo. Ba a rufa wata ba an koma gidan jiya, sai kuma a hau zagin masu sayar da batir wai jabu suke kawowa. An bar jaki ana dukan taiki.

Wani maƙwabcina ya sha wannan wahalar har ya koma cire kan batir kowane dare, ya mayar da shi da asuba. Da aka matsa masa ya kai wa mai wayarin da ya san aikinsa, abin da aka tarar abin takaici ne. Rediyon da aka saka masa an jona shi kai tsaye da batir, ba ta bayan makulli ba, don haka ko an kashe mota yana nan yana jan wuta. A akwatin fiyus kuwa, guda biyu sun ƙone tuntuni, wani gwani ya naɗe su da siririyar wayar tagulla. Motar da ba ta kama da wuta ba ma, Allah ne ya kiyaye.

Mota irin wannan ba ta da kwamfuta. Idan an zare makulli, in ban da agogo, bai kamata wani abu ya ci gaba da shan wuta ba. Kada a raina ƙaramin ƙwai. Ƙwan but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa bayan an rufe murfi yana jan kusan amfiya 0.4, wato wajen amfiya-awa 10 a kwana ɗaya. Batir mai amfiya-awa 60, wanda dama ya kwana biyu, ba zai jure fiye da kwanaki kaɗan a haka ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gwajin da wasu makanikai ke yi da sunan duba caji. Injin na aiki, sai su zare kan batir, wai idan motar ba ta mutu ba altaneta lafiya lau. Wannan dabara ta zamanin da motoci ke amfani da dinamo ce, kuma a kan altaneta ɓarna take yi. Batir ne ke danne hawa da saukar wuta. Da zarar an cire shi, wutar na iya tsalle ta ƙona diyod da ke cikin altaneta ko na'urar daidaita cajin. Aikin diyod shi ne barin wuta ta bi hanya ɗaya, daga altaneta zuwa batir. Idan ɗaya ya lalace, da dare wutar sai ta riƙa komawa baya, batir ya tsiyaye alhali komai a kashe yake. Mugun abin shi ne motar za ta iya ci gaba da yin caji sama-sama, fitilar gaban direba ba lallai ta nuna komai ba. Ka biya kuɗin gwaji, an ɗora maka cutar da ba ka zo da ita ba, kana tsaye kana cewa sannu da aiki. Don Allah wannan wane irin sakaci ne, alhali mitar gwaji ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba?

Da mita, aikin ba shi da wuya. Batir mai cikakken caji, mota a kashe, zai nuna wajen bolt 12.6. Idan injin na aiki, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In ya tsaya a sha biyu da ɗoriya, a fara da duba bel ɗin altaneta, sau da yawa sakewa ya yi. Don gano inda wuta ke zuba, a kashe komai, a rufe ƙofofi, a kwance kan batir na nagetib, a sa mitar a ma'aunin amfiya 10, a jona ta tsakanin kan batir da wayar da aka cire. Kada a kuskura a tayar da mota a wannan hali, mitar za ta ƙone. In ta nuna fiye da miliyamfiya 50, akwai ɓarawo. Sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗo. Layin nan ne ke da matsala. In an zare duka ba ta faɗo ba, a cire wayoyin bayan altaneta, sannan a bi duk abin da aka ƙara wa motar daga baya, kamar sifika, jiniyar ɓarayi, na'urar bin diddigi ko ƙarin fitilu.

A kuma dubi saman batirin. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da danshin asid takan zama hanyar da wuta ke bi tsakanin kawunan biyu. A goge shi, a kankare farin garin nan da ke taruwa a kai, a ɗaure tamau. In ruwa ya yi ƙasa, ruwan batir ake zubawa, ba na rijiya ko na leda ba.

Batirin mota ba ya son a riƙa tatse shi ƙarƙaf. Duk sanda ya mutu murus, ƙarfinsa raguwa yake, ko da an sake caja shi. Shi ya sa sabo ma ke saurin tsufa a motar da ke yoyon wuta. Jama'a, duk makanikin da ya kai hannu zai zare kan batir injin na aiki, ku riƙe hannunsa ku ce ya ɗauko mita. In ba shi da ita, ku ja motarku ku yi gaba.