Rinin da ke Nuna wa Likita Inda Jini Ya Kai

A tiyatar gyaran jiki, wato wadda ake yi domin cike gurbin naman da ciwon daji ko ƙuna ko haɗari ya cinye, likita yakan yanko fata ko tsoka tare da jijiyoyinta na jini daga wani sashe na jikin majiyyaci, ya dasa inda ake buƙata, sannan ya ɗinke jijiyoyin da na wurin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, alhali kaurinsu bai cika wuce milimita 3 ba. Tun 1973, lokacin da likitoci biyu, Daniel da Taylor, suka yi nasarar irin wannan dashe a birnin Melbourne na Ostireliya, babbar fargabar likitoci ita ce kada jini ya kasa ratsa naman, domin wanda jini bai kai masa ba baƙi yake yi ya mutu.

Da can ido da hannu ake dogara da su: a duba launin fatar, a taɓa a ji ɗuminta, a tsira mata allura a ga ko jan jini zai fito. Duban launi kuwa ya fi wuya a baƙar fata, inda kodewa ba ta saurin bayyana.

Nan ne rinin da ake kira ICG ya yi rana. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 1959, kuma idan aka ɗura shi ta jijiya yakan manne wa sinadaran furotin na jini, ya bi duk inda jinin ya bi. Sai a haska wurin da wani haske na infirared wanda ido ba ya gani, rinin ya mayar da nasa hasken, kyamarar na'ura irin SPY, wadda kamfanin Novadaq na Kanada ya ƙera, ta nuna shi a allo: inda jini ke gudana ya yi fari, inda bai kai ba ya zauna duhu, likita ya datse wurin ko ya sake ɗinkin tun majiyyaci bai farka ba. Da yake hanta na kwashe rabin rinin cikin minti 3 zuwa 4, ana iya maimaita gwajin a zama ɗaya.

Sai dai hasken ba ya nitsawa fiye da kimanin santimita 1, ƙarfinsa a allo yana canzawa da nisan kyamara da hawa ko saukar jinin majiyyaci, ga kuma aidin a cikin rinin, wanda ya sa ake taka-tsantsan da masu borin jini. Saboda haka na'urar shaida ce mai ƙarfi, amma hukuncin inda za a yanka yana hannun ƙwararren likita.